Maɗaba'un buga-kaɗan na Jos da littafin mai waƙar barkwanci

Mai rubuta waƙar barkwanci don sha'awa yawanci yana da wata sana'ar da yake ci da ita. Malamin firamare ne a Gangare, ko tela a Anguwar Rogo, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko mai shagon kayan masarufi a Taminus. Waƙar tana zuwa masa a tsakiyar aiki, ya rubuta baiti biyu a waya, ya ƙarasa bayan isha'i, ya rera wa abokai a teburin mai shayi. In ta ba da dariya sai ya sa ta a Facebook ko ya tura zauren WhatsApp. Bayan shekara biyar ko goma ya waiwaya ya ga ya tara waƙoƙi talatin, wasu sun tafi tare da tsohuwar waya, wasu suna yawo da sunan wani. A nan tunanin littafi yake zuwa masa. Wannan sharhi a kan aikin da zai tarar ne a maɗaba'un Jos masu injin dijital, waɗanda ke karɓar kwafi 50 ko 100 ba tare da sun ce sai dubu ba. Ra'ayinmu shi ne aikin ya dace da shi, kuma ya fi kowace hanya sauƙi ga aljihunsa. Sai dai waɗannan wurare a katin biki da kalanda da rasit da fosta suka ƙware, kuma in bai tsaya a kan waƙarsa ba za su ɗauke ta kamar kowane rubutu.

Wuraren buga takarda a garin kashi uku ne, kowanne kuma zai ce maka yana yin littafi. Na farko su ne shagunan kwamfuta irin na kusa da jami'a a titin Bauchi, masu firintar ofis da injin fotokwafi. Suna da amfani wajen fitar da kwafi biyu ko uku da za a karanta a yi gyara, amma injinsu ba ya daidaita gaba da bayan takarda. Ɗaga shafi a haske za ka ga rubutun baya ya sauka ƙasa da na gaba. Na biyu su ne masu injin ofset, irin su Kord da GTO na kamfanin Heidelberg. Bugunsu ya fi kyau, ya fi arha in adadi ya yi yawa, amma kafin injin ya juya sai an yi filet, wato farantin alminiyam da ake ɗora rubutun a kansa. Littafi mai shafi 48 a girman A5 yana cin filet 12 a GTO ko 6 a Kord, bango mai launi ya ci 4, kuma kuɗinsu ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 1,000. Shi ya sa mai ofset zai ba ka shawarar dubu, kuma lissafinsa gaskiya ne, kuɗin kowane kwafi zai sauko ƙwarai. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne mai waƙar sha'awa ba shi da hanyar rarraba kwafi dubu. In dangi da abokan aiki da abokan hira sun karɓi nasu, sauran za su kwanta a kwali, damina ta same su a nan.

Na uku su ne masu injin dijital, irin na Konica Minolta ko Xerox ko Canon, wanda ma'aikata ke kira DI. Babu filet, daga kwamfuta aikin ke tafiya kai tsaye, kuma da falle ake lissafi. Kwafi na ɗari bai fi na farko arha ba, amma kana iya buga 30 a wannan makon, masu karatu su nuna maka kurakurai, ka gyara, sannan ka buga 70. Ga wanda ba shi da editan da zai duba masa, wannan damar ta fi rangwamen farashi daraja. In fayil ya kammala kuma akwai wuta, kwana biyu zuwa uku sun isa a buga, a naɗe, a ɗaure, a yanke. Wasu za su ce a yi cikin littafin da injin Riso don ya fi arha. Yana yiwuwa, amma tawadarsa ba ta bushewa sarai, takan biyo yatsa in hannu da gumi, baƙinta kuma bai kai na DI ƙarfi ba.

Lissafin shafi ya kamata marubuci ya yi shi a gida kafin ya fito. A5 milimita 148 ne a faɗi, 210 a tsawo, rabin A4 ke nan. Falle ɗaya na A4 in an naɗe shi biyu yana ba da shafi 4, don haka dole yawan shafukan ya rabu da 4: 32, 40, 48, haka. In an bar gefe na milimita 18 zuwa 20 sama da ƙasa, aka sa harafi mai girman 12 da tazara matsakaiciya, shafi yana ɗaukar layi kusan 32. Baitin ƙwar-biyar, wato mai ɗango biyar, da sararin da ke bayansa layi 6 ne, to baiti 5 ke shiga shafi, ko 4 a shafin da ke ɗauke da sunan waƙa. Waƙa mai baiti 24 ta ci shafi 5 cif. Guda takwas irinta shafi 40, a ƙara 6 na gaba don suna da sadaukarwa da gabatarwa da ƙunshiya, da 2 na baya, an sami 48, wato falle 12. Kwafi 100 falle 1,200 ne. Rim yana da falle 500, to rim biyu da rabi ya ishe ka har da na lalacewa. Ƙwar-biyu kuwa baiti 10 ke shiga shafi. Wanda ya shigo da wannan lissafi a hannu, maganar farashi da shi takan yi gajarta, domin an san ya san abin da ake ƙirgawa.

Inda aikin ya fi yawan lalacewa shi ne haruffa masu ƙugiya, kuma a waƙar barkwanci ɓarnar ta fi tsanani, saboda rabin dariyar a wasa da kalmomi take. Ga misalin baiti da muka tsara don nuni:

Mun yi baƙi masu baki,
Babu ƙanzo yau a ɗaki.

In ƙugiyar ƙ ta faɗi, ɗangon farko ya koma "mun yi baki masu baki", babu ma'ana balle raha. Haka kaya da ƙaya, fada da faɗa, kura da ƙura, sako da saƙo. Hanya uku ce ke kawo matsalar. Ta farko, marubuci ya rubuta a waya da haruffan zamani da suke daidai, amma mai dizain ya zuba rubutun a manhajar zane ta CorelDRAW ya zaɓi salon harafi na ado wanda ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Sai ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko kwamfuta ta aro su daga wani salon, su fito sun fi maƙwabtansu kauri ko tsawo. Ta biyu, an rubuta aikin da tsofaffin haruffan Hausa irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora masu ƙugiya a kan maɓallan alamomi. In kwamfutar maɗaba'a ba ta da wannan salon sai ka ga "wa}a" da "wa]annan" da "~arawo" a kan takarda. Ta uku, marubucin da ya saba rubuta q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ ya miƙa aikin haka, yana zaton za a juya masa. Ba za a juya ba.

Maganin duka ukun ɗaya ne. A rubuta da haruffan zamani, a zaɓi salon da aka tabbatar yana da su, kamar Times New Roman na yanzu, ko Charis SIL, ko Gentium, ko Noto Serif, ukun ƙarshen ma kyauta ake sauke su. Sannan a mayar da aikin PDF wanda haruffan ke ƙunshe a cikinsa, a ce da maɗaba'a daga wannan za a buga, kada a sake zuba shi a wata manhaja. A bango, inda dole mai dizain ya taɓa, a duba manyan baƙaƙe musamman, Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin salon harafi yakan sami ƙananan ya rasa manyan, kuma kalmar WAƘOƘI tana kan kusan kowane bango. In an gamsu sai ya mayar da rubutun bangon zane, yadda ba zai sauya a wata kwamfutar ba. Akwai kuma ƙaramar matsala da ido ke tsallakewa: Word yana juya waƙafin sama da ke farkon 'ya'ya da 'yan ya fuskanci baya, kamar buɗe magana. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

In maɗaba'a ce za ta buga rubutun daga littafin hannu, to hatsarin ya ninka, kuma a nan ne muka fi rage musu maki. Masu tayif suna da sauri, da yawansu suna jin Hausa sarai, amma jin Hausa daban, sanin ƙa'idojin rubutunta daban, sanin karin waƙa kuma wani abu ne na uku. Za su raba "yana" su haɗe "shi ne", su rikita "a kan" da "akan". Mafi muni, za su gyara maka abin da ba kuskure ba ne. Mawaƙi yakan datse kalma da gangan, ya ce "kwan" maimakon "kwana", ko ya ɗauko lafazin Sakkwatanci don ya cike gurbi. Baitin da ke sama a karin Ramal yake, gaɓa takwas kowane ɗango, mai nauyi, marar nauyi, masu nauyi biyu, sannan a maimaita. In mai tayif ya ga "yau a ɗaki" ya mayar da shi "yau a cikin ɗaki" don ya fi cika a ganinsa, ya ƙara gaɓa biyu, mai rerawa zai yi tuntuɓe a daidai inda ake jiran dariya. Hausar Jos kuma tana ɗauke da kalmomin Turanci da na Burokin, masu barkwanci suna amfani da su da gangan wajen kwaikwayon ɗan bariki ko ma'aikacin ofis. Waɗannan kalmomi a rubuta su yadda bakin Bahaushe ke furta su, domin da wannan furucin aka auna karin, kuma a kashe gyaran kai-tsaye na Word kada ya mayar da su Turancin makaranta. Shawararmu ita ce marubuci ya buga abinsa da hannunsa, ko da a waya ne, ya ba wani malamin Hausa ya duba.

Sai tsarin ɗango. Abin da aka kwafo daga WhatsApp yakan zo da karyewar layi irin ta faɗin fuskar waya, kuma mai dizain ba zai gane inda ɗango ya ƙare ba sai an nuna masa. Faɗin rubutu a A5 kusan milimita 115 ne, yana ɗaukar harafi hamsin da wani abu a girman 12, ɗangon Hausa kuwa ba kasafai yake kai haka ba, don haka babu dalilin da zai sa a karya shi. In ya yi tsawo har ya zarce, a tura ragowar ciki sosai don a san ci gaba ne. Kada a yarda a miƙe layuka su cika gefe da gefe kamar na jarida, yana buɗe gibi tsakanin kalmomi. Jera ɗango a tsakiyar shafi, wanda masu dizain ke so saboda sun saba da katin gayyata, yana sa ido ya rasa mafarin layi. A jera daga hagu. A ƙwar-biyar a ɗan tura ɗango na biyar ciki, domin shi ke ɗauke da babban amsa-amo, kuma a waƙar raha shi ne wurin da ake sakin maganar da huɗun farko suka yi wa shimfiɗa. Saboda haka ne raba baiti tsakanin shafi biyu yake da illa a nan fiye da a waƙar wa'azi ko ta yabo. Mai karatu ya karanta uku, ya tsaya juya takarda, numfashin ya yanke, biyun ƙarshe su iso a sanyaye. Word yana da umarnin riƙe layuka tare, a sa shi a kan kowane baiti. Gara shafi ya ƙare da sarari a ƙasa.

Abin da ya tarbiyyantar da kunnen marubucin ma yana da hannu a yadda shafinsa zai kasance. Wanda ya tashi a Jos da wuya ya kuɓuce wa tasirin Alhaji Adamu Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talaka waƙa, irin su karen mota, kuma yakan shigo da mutane cikin waƙa su yi ta musayar magana kamar wasan kwaikwayo. Masu rubutun raha da yawa sun ɗauki wannan salo, za ka ga miji da mata, ko mai haya da mai gida, ko direban Keke Napep da fasinja suna cacar baki a cikin baiti guda. A baki murya ce ke raba masu magana. A takarda sai an yi dabara: ko alamar zance, ko a karkata harafin mai magana na biyu, ko a tura layinsa ciki. A zaɓi ɗaya a bi ta har ƙarshen littafi. Rubuta sunan mai magana a farkon ɗango yana sa mai rerawa ya karanta shi cikin waƙar ya ɓata kari, in dole ne a sa shi a gefe da ƙaramin harafi. Wasu kuma daga 'yan kama suka sha, masu kwaikwayon salon karatun malamai su karkatar da shi zuwa zancen tuwo da miya, ko daga 'yan gambara masu zambo a kasuwa. Wasu daga waƙoƙin Islamiyya suka sami karin da ke kansu tun suna yara, suna zuba sabon zance a cikinsa ba tare da sun san sunansa ba. Ga irin waɗannan, layi ɗaya a ƙarƙashin sunan waƙa da ke faɗin muryar da ake rera ta da ita yana taimakon mai karatu ƙwarai. Rubutacciyar waƙar raha kuma ba baƙuwa ba ce a adabinmu, Aliyu Namangi mai Imfiraji shi ne ya yi Waƙar Keke, don haka marubucin ba ya buƙatar cika gabatarwa da neman afuwa a kan ya yi wasa.

Tushe mafi girma shi ne wasan taubasantaka: jika da kaka, 'ya'yan mace da na namiji, Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi. A nan akwai abin da maɗaba'a ba za ta yi maka ba, kuma dole a faɗe shi a fili. Babu wanda zai karanta aikinka a can. Ofareta yana duba ko tawada ta kama, ba ya duba abin da ta rubuta. Zolayar da ake yi gaba da gaba, da fuska a sake, wanda ake zolaya yana nan zai rama, in ta hau takarda ta rasa duk wannan kariya, kuma za ta shiga hannun wanda bai san ku ba. A garin da ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, baitin da ya taɓa ƙabila ko addinin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne, ko da marubucin da zuciya ɗaya ya yi shi. A tsaya a kan wasan da al'ada ta san da shi tsakanin ɓangarorin biyu, a ba mutum biyu daga waɗanda aka zolaya su karanta kafin a buga. Zambo da sunan mutum takamaimai kuwa, a rubuce hujja ce a gaban alƙali. A zagi rowa da ƙarya da cin bashi, a bar sunan mai su.

Ta fuskar takarda da ɗauri, aikinsu yana da kyau in an faɗa musu abin da ake so. Ciki a yi da farar takarda mai giram 70 ko 80. Mai giram 60 ta fi arha, amma rubutun baya yana lekowa, kuma shafin waƙa sarari ne ya fi yawa a cikinsa, inuwar ta fi fitowa. Bango a yi da kati mai giram 250 ko 300, a sa masa lamineshan, ledar nan da ake mannawa da zafi. Marar sheƙi ya fi kyan gani, amma a kan launi mai duhu yana nuna ƙarce, mai sheƙi ya fi jure aljihu da hannu. A tabbata an yi wa bangon layin naɗi da inji kafin a lanƙwasa shi, in ba haka ba tona, wato hodar tawadar injin, za ta tsage a gadon bayan littafin ta bar farin zare. Hoton bango ya kai ɗigo 300 a inci, launi ya zarce iyakar yanka da milimita 3 a kowane gefe, kuma in ta WhatsApp za a tura a tura shi a matsayin fayil, domin in an tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi. Launin da ke haske a fuskar waya yakan dushe a takarda, shuɗi musamman. Masu dizain suna saurin ɗauko hoton wani yana dariya daga intanet. A ƙi. Zanen hannu mai sauƙi na wani abu daga cikin waƙoƙin, ko da baƙi da launi ɗaya ne, ya fi dacewa, kuma babu mai zuwa ya ce fuskarsa ce.

Ga littafi mai shafi 48, ɗaurin sitefla biyu a tsakiya muka fi so a kan ɗaurin gam, duk da cewa na gam ya fi kama da littafin kanti. Dalili shi ne yadda za a yi amfani da shi: a tsaye ake rera waƙa, littafi a hannu ɗaya, kuma na sitefla yana buɗewa ya kwanta. Falle mai giram 80 kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, to shafi 48 bai kai milimita 3 ba, gam ba shi da wurin kamawa sosai. Sai daga shafi 64 zuwa sama ɗaurin gam ya fara zama dole. In za a yi shi, a tambaya ko ana kankare gadon bayan takardun kafin a shafa, domin in ba a yi ba shafuka za su zube, kuma sanyin Disamba da Janairu a Jos yana sa gam marar kyau ya ƙandare ya tsage. Na sitefla ma yana da nasa: fallayen ciki suna turowa waje, injin yanka ya rage su, gefen shafukan tsakiya ya fi na farko ƙunci. A nisanta lambar shafi daga bakin takarda da aƙalla milimita 12. Bayan yanka littafin zai ɗan gaza cikakken A5, wannan ba laifi ba ne.

Yanayin gari yana shiga aikin. Da damina, Yuli da Agusta musamman, takardar da aka buɗe ta kwana tana shan laima, ta fito daga zafin inji a lanƙwashe. A nemi a buɗe sabon rim a gabanka. Da hunturu bushewa ce ke sa fallaye mannewa, inji ya ja biyu tare, sai a sami kwafi mai shafi fari a tsakiya, bangon da aka yi wa leda a fuska ɗaya kuma ya nannaɗe. In wuta ta yi rauni ko janareta bai ɗauki injin da kyau ba, zafin da ke narkar da tona ba ya kaiwa, rubutu ya fito lafiya a ido amma ya goge in an murza. Gwajin mai sauƙi ne, murza babban yatsa a kan layi mai kauri, ka naɗe takardar a kan rubutu ka buɗe.

Game da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita a Nijeriya, tana da alƙaluma 13, ta ƙasar nan tana farawa da 978-978. Wasu maɗaba'u za su ce suna da lamba a hannu za su sa maka. Ka sani lambar tana nuna wanda aka yi wa rajistarta ne a matsayin mawallafi, kuma kowane littafi da tasa, ba a maimaita ta. In a hannu za a raba kwafi 100 tsakanin sanayya, littafin zai rayu ba tare da ita ba. In ana son ya shiga kantin littattafai ko ɗakin karatun jami'a, a nema da sunan kai. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ajiye kwafi 3 a can, a sa su cikin lissafi. Haƙƙin mallaka kuwa, a ƙarƙashin dokar 2022, yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon ran marubuci da shekara 70 bayansa. Ga wanda waƙoƙinsa suka daɗe suna yawo babu suna, shafin da ke ɗauke da sunansa da shekarar bugu shi ne amfanin littafin na farko.

Wani abu da injin dijital ya sauƙaƙa shi ne lambar QR a bayan bango, mai kai mutum inda marubucin ya ajiye muryarsa yana rera waƙoƙin. Muna ganin ya cancanci wahalar, domin waƙar raha da murya aka haife ta. Lambar kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, baƙa a kan fari, kuma a gwada ta da waya biyu a kan kwafin gwaji bayan an sa leda.

Mu'amalar kuɗi a bayyane take in an rubuta. Za a nemi kafin alƙalami, yawanci rabi ko fiye, domin da shi ake sayen takarda, kuma farashin takarda yana motsi da canjin dala, don haka kuɗin da aka faɗa maka wata biyu da suka wuce ba lallai ya tsaya ba. A rasit a rubuta girman littafi, yawan shafi, giram na ciki da na bango, irin leda, irin ɗauri, adadin kwafi da ranar karɓa. Kada a ba da izinin bugu sai an riƙe domi a hannu, wato cikakken kwafi ɗaya da aka buga a takardar gaske, aka naɗe, aka ɗaure, aka yanke. Kallon fuskar kwamfuta ba ya maye gurbinsa. A tafi da shi gida, a rera kowace waƙa da ƙarfi daga takardar, domin kunne yana kama gaɓar da ta ɓace inda ido ya wuce. A sa hannu a kan kwafi biyu na domin da aka amince da shi, a bar ɗaya a wurinsu, a riƙe ɗaya. A guji kai aiki ana saura mako biyu zaɓe ko Sallah ko Kirsimeti, lokacin fosta da kalanda da katin biki sun cika injin, ƙaramin aiki irin wannan shi ake turawa baya.

Ranar karɓa a ƙirga a wurin kafin a biya ciko. A zaro kwafi biyar daga tsakiyar ɗauri daban-daban, ban da na sama, a bi lambar shafi daga 1 zuwa 48, a duba tsakiyar littafi ko sitefla ta kama duka fallayen kuma bakinta ya lanƙwashe, a jera biyar ɗin a ga ko yankan ya zo daidai. A karɓi fayil na ƙarshe, na ciki da na bango, a filasha ko ta imel, domin maɗaba'a ba ta ɗaukar alkawarin ajiye shi, kuma bugu na biyu zai buƙace shi. A gida a sa littattafan cikin leda goma-goma, a ɗora kwalin a kan katako nesa da bango, saboda laimar siminti tana sa wayar sitefla tsatsa ta ɓata shafin tsakiya.